Ƙofar Ɗakin Fenti

A warshar gyaran motar da na yi aiki a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum, kafin yaƙi ya watsa mu, ni ne mai goge mota. Ba wanki nake nufi ba, kada a raina ni fiye da yadda aka riga aka raina ni. Idan masu gyaran jiki sun gama bubbuga motar da ta yi karo, sai a turo mini ita in shafa mata ma'ajun, kwaɓin nan mai ƙamewa, in cike ramukan, in bari ya bushe, sannan in bi da sanfara, takardar nan mai kaushi, ina gogewa har tafin hannu ya wuce bai ji komai ba. Daga nan a tura ta ɗakin fenti, wani ya shiga da bindigar feshi ya yi abin da bai kai rabin wahalata ba, mai mota ya zo ya rungume shi yana "ma sha Allah, ya usta". Ni kuwa ina gefe fari fat, kamar wanda ya faɗa buhun gari.

Bindigar nan nake so, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Na shiga warshar ina saurayi, na yi aure ina cikinta, na haifi 'ya'ya, furfura ta fara leƙo mini a gemu, duk ina jiran ranar da tsohon mai fentinmu zai ajiye ta. Ba mugun fata nake masa ba. Ƙirjinsa ne ya riga ya gaji, tari yake tun safe har mu tashi, shi da kansa yana cewa ya kusa komawa gida. Ranar da aiki ya yi sauƙi yakan ba ni in fesa murfin taya ko ƙofar da aka cire, ya tsaya yana gyara mini wuyan hannu. Mai warshar, wanda kowa ke kira usta, namu ne, daga tsofaffin gidajen Omdurman da kakanninsu suka taho hajji a ƙasa suka yada zango ba su ƙara tashi ba. Larabci yake yi da kowa, Hausarsa ba ta fitowa sai ransa ya ɓaci ko ya yi daɗi ƙwarai. Ya taɓa dafa kafaɗata ya ce lokacina na zuwa. Da wannan maganar nake tsallaka gada kowace safiya daga Omdurman, a tsaye cikin hafila, bas ɗin haya, hancina a hammatar wani.

Sai ga taubashina ya fito daga gidan yari.

Ɗan gwaggona ne, ubana da uwarsa ciki ɗaya. Mu a nan, ko da Hausar yaranmu ta koma rabi Larabci, wasan taubasai bai mutu ba. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka a wasan ni ne ubangida. Tun muna ƙanana in na gan shi sai in ce ya zo ya ɗauki takalmina, shi kuma ya ce kaina ya fi ƙarfin hula sai dai kwando. A gaban manya muke yi, a gidan biki, har a zaman makoki, babu mai tsawatarwa, domin abin da taubashi ya faɗa wa taubashi ba a kai shi ƙara. Kwandasta ne shi a tashar Suk al-Shabi, ga baki ga saurin hannu. Wata rana rigimar layi ta haɗa shi da wani direba, ya ɗauki ƙarfen jak ya sauke masa a ka. Allah ya sa mutumin bai mutu ba, amma ido ɗaya ya tafi. Aka ɗaure ɗan gwaggo shekaru masu dama.

Ranar da ya fito, gwaggo ta yanka rago. Haka ake yi a nan, karama ce, irin wadda ake wa wanda ya tashi daga doguwar jinya ko ya dawo daga tafiya mai nisa. Aka kafa rumfa a lungu, mata na guɗa, maza na shigowa suna buga masa kafaɗa suna rungume shi suna yi masa barka da arziki. Ni aka sa hura gawayi, wai hannuna ya iya agashe, tsiren nan namu. Ina fifita wuta ina kallonsa cikin sabuwar jallabiya, ya rame, ya yi shiru, bini-bini ya waiga ya dubi ƙofar gida. Na ce wa matata a hankali, ni da ban taɓa fasa kan kowa ba, ko zakara ba a taɓa yanka mini ba. Ta ce in rufa wa kaina asiri in juya naman kafin ya ƙone.

Bayan rumfa ta tashi, aiki ya gagara. A tasha direbobi suka ce ba sa son ganin ƙeyarsa. A masana'antu ana tambayarsa inda ya kasance duk waɗannan shekarun, shi kuma bai iya ƙarya ba, yana faɗa sai a ce ya dawo wani lokaci. Na riƙa ganinsa zaune a ƙofar gidansu da hantsi, lokacin da duk namiji mai lafiya ya fita. A wannan lokacin na ji tausayinsa, tausayi na gaske. Tausayin mutumin da ke ƙasa da kai ba shi da wuya.

A nan ne na fara jin labarin munazzama. Wata ƙungiya ce ta masu taimako, aikinta nema wa waɗanda suka fito daga sijin, wato gidan yari, abin yi. Suna bin masu warsha da masu gidan burodi da masu gonaki can wajen Soba suna roƙo, su kawo mutum, su ba shi kayan aiki, su riƙa zuwa duba shi. Sun je wajen ustanmu, ya ce ya ji, amma shi ba ya ɗaukar mutum sai da damin. Damin shi ne wanda zai tsaya a gaban mai warsha ya ce wannan mutumin a wuyana yake. Ba a rubuta komai, da baki ake yi a gaban shaidu, amma in wanda ka tsaya wa ya yi ɓarna, kai da shi za ku fita ƙofa tare.

Gwaggo ce ta zo da kanta ranar Juma'a bayan an sauko. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a bakin gado ta riƙe hannuna.

"Ɗana, kai kaɗai ne namu a warshar nan. Ubanka da yana raye ba sai na yi magana ba."

"Gwaggo, wane shugul za su ba shi?"

"Oho, ko shara ce. Ya dai fita da safe kamar mutane, halas."

Wa zai ce wa gwaggo a'a bayan ta ambaci ubansa? Kuma gaskiya har daɗi na ji. Na ga kaina ina aiken ɗan gwaggo ya ɗebo ruwa, ya wanke mini bokitin ma'ajun, wasanmu ya zama gaske. Na ce mata ta kwantar da hankalinta.

Ranar da aka kawo shi, wata ustaza ce daga munazzamar ta rako shi, mace mai matsakaicin shekaru cikin farin mayafi irin na ma'aikata, tana ɗaga gefensa kada ya sha baƙin mai. Usta ya tara mutum biyu daga masu gyaran jiki. Na tsaya na sa hannu a wuyana na faɗi abin da ake faɗa, aka karanta Fatiha, aka shafa. Sai da aka gama tsaf sannan ustazar ta yi wa mai raksha, keken nan mai ƙafa uku, hannu ya shigo da wani akwati. Aka buɗe a gabana. Rigar aiki shuɗiya, takalmi mai ƙarfe a baki, abin rufe hanci mai tacewa biyu irin wanda nake gani a shaguna kawai. A ƙasan akwatin kuma, cikin leda, sabuwar bindigar fenti tana ƙyalli.

Ashe a can ciki munazzamar ta daɗe tana tura malami yana koya musu sana'a, ɗan gwaggo ya zaɓi fenti. Ashe motocin ma'aikatan gidan yarin duk shi yake fesawa a fili, ƙarƙashin rumfa. Gwaggo ba ta sani ba, ita dai ta san an ce aiki. Ni kuma ban tambayi kowa ba sai ita. Da bakina, da hannuna a wuya, na tsaya wa mutumin da ya zo ɗaukar abin da na tsufa ina jira.

Na dube shi na ce, "Ɗan gwaggo, ashe jami'a aka kai ka ba mu sani ba."

Ya yi murmushi kaɗan ya ce, "Ɗan kawu, ai da gurbi, da ka nema."

Kowa ya yi dariya, ni ma na buɗe haƙora. Ban ci fatur, kalacin hantsi, ba ran nan. Aka zauna aka kewaye kwanon ful, dafaffen wakenmu, kamar kullum, ana gutsura burodi ana dangwala, ni kuwa na koma kan motata.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mini tsawo. Usta bai ba shi ɗakin nan take ba, ya sa shi ƙarƙashin tsohon, yana haɗa kala yana fesa ƙananan abubuwa a waje. Na so a ce bai iya ba. Na riƙa zagayawa ta bayansa ina neman inda fenti ya zubo ko ya yi ƙuraje, ban samu ba. Hannunsa na tafiya daidai, ba sauri ba nawa, ya kai ƙarshe ya saki kunama ya dawo. An koya masa da allo da alli, an gaya masa dalilin kowane abu. Ni kuwa yawancin abin da na sani satarsa na yi da ido, ta wutsiyar ido ma, ina goge motar wani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zuwan ustazar. Duk mako sai ta zo. Ta zauna da shi wajen matar da ke sayar da shayi a bakin warsha, ta sa a kawo masa shayi da na'ana'a, ta tambaye shi yana barci kuwa, wani ya gaya masa maganar da ba ta dace ba, takalmin bai matse shi ba? Takalmi! Ni silifas ɗina ya tsinke an ɗinke ya fi a ƙirga, yatsuna sun tsage da ma'ajun har ba na jin zafin kofin shayi, babu wanda ya taɓa tsallako titi ya tambaye ni ko ina barci. Kishi nake, kishi mai hana cin abinci. In na ga ta sauko daga raksha sai in ƙara ƙarfin goge mota don ƙurar ta je inda suke.

Wata rana na kasa haƙuri. Yana ciki yana haɗa kala, ita tana jiransa, na je na tsaya a kanta da farar fuskata na ce mata da Larabci, "Ustaza, tambaya gare ni. Mutum in yana son ku san da shi, kan wa zai fasa? Ko ku kuke zaɓar masa?"

Mai shayi ta dafe baki. Ustazar ba ta yi fushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ta tambaye ni tun yaushe nake warshar, na gaya mata. Ta tambaye ni abin da nake so, na nuna mata ɗakin fenti da haɓa. Ta juya cokali a kofinta.

"Ban sani ba," in ji ta. "Da na sani da na yi magana da usta tun farko. Amma ba zan yaudare ka ba, mu ba mu da komai don irinka. Kai in ka bar nan yau, warsha ta gaba za ta ɗauke ka kafin la'asar. Shi mun zaga da sunansa unguwar nan kaf, nan kaɗai aka ce to, shi ma don kai."

Na ce mata na gode, a rubuta mini "don kai" ɗin a goshi in riƙa yawo da shi. Na koma kan motata. Maganarta gaskiya ce, amma gaskiyar ba ta rage mini komai ba.

Ba a daɗe ba tsohon mai fenti ya kwanta, 'ya'yansa suka kai shi asibiti suka aiko cewa ba zai dawo aiki ba. A warsha kuwa ga motar wani ɗan kasuwa, baƙa, na gama goge ta tana jiran fenti. Baƙin fenti ba ya rufa wa kowa asiri, ko gashin ido ya faɗa sai an gani. Usta ya kira mu mu biyu. Ya ce ɗan gwaggo zai shiga da ita gobe da sassafe kafin iska ta tashi. In ta fito yadda ake so, ɗakin nasa ne. In ba ta fito ba, ni zan sake goge ta in shiga da ita jibi, shi kuma a san yadda za a yi da shi. Na ce, "Usta, lokacin nawa da ka ce yana zuwa fa?" Ya dubi wani wuri ya ce shi ma yana da waɗanda yake jin kunya.

Sai na bayyana yadda ɗakin yake, domin a kansa komai ya tsaya. Ɗaki ne na bulo, tsawon mota da ɗan abin da mutum zai zaga, ba taga sai wata fanka a sama mai zuƙe hayaƙi. Ƙura ita ce abokiyar gabar fenti, Khartum kuwa ba ta rasa ta. Saboda haka kafin a fara sai a jiƙa ƙasan ɗakin da ruwa, mai fenti ya shiga, a jawo ƙofar ƙarfe, a zura mata sakata ta waje don iska ba ta barinta a rufe, sannan a cusa jiƙaƙƙun buhuna a ƙarƙashinta. Mai fenti in ya gama sai ya buga, a buɗe masa. Wannan rufewa da buɗewa aikina ne tun zamanin tsohon, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

Da safen na jiƙa ƙasa, muka tura motar. Ɗan gwaggo ya haɗa fentinsa ya zuba masa maganin bushewa, wanda in an zuba ba a jira, in ka yi nawa sai ya daskare a cikin kofin bindiga. Ya sa rigarsa, ya rataya abin hanci a wuya, ya taka har bakin ƙofa ya tsaya. Ya dubi ɗakin, ya dubi sakatar. Sai a lokacin na haɗa abubuwan da na daɗe ina gani ina dariya: ba ya rufe ƙofar banɗaki sai ya bar tsaga, a hafila ba ya shiga ciki sai ya maƙale a bakin ƙofa, wajen fatur kullum fuskarsa na kallon titi. Duk fentin da ya taɓa yi a fili ya yi shi.

Ya rage murya ya ce, "Ɗan kawu, sakatar nan dole ce?"

"Dole ce," na ce. Kuma dole ɗin ce, ban ƙara komai ba.

Ya shiga. Na jawo ƙofa, na zura sakata, ta yi ƙararta ta ƙarfe a kan ƙarfe. Na durƙusa na cusa buhuna. Injin iska yana ta bugawa a waje, ni kuma na kasa kunne ina jiran shiii ɗin bindiga, sautin da na sani kamar numfashina. Shiru. Na jira, shiru. Usta na can bakin ofis da kofin jabana, gahawarsa ta safe, ya ɗago ya dube ni, na ɗaga kafaɗa.

Daɗi na ji. Ba sai na yi komai ba, ba sai na taɓa tiyo ko na bar ƙura ta shiga ba. In tsaya kawai in yi shiru, fentin ya daskare, ya buga ƙofa, jibi ni ne a ciki. Ko batun damin bai dame ni ba a lokacin, ai tsoro ba ɓarna ba ne. Na jingina da bango har ina tunanin wace riga zan sa.

Amma daɗin bai daɗe ba ya juye ya zama wani abu. Na tuna akwatin nan. Na tuna ragon, da shayin na'ana'a, da malamin da aka tura masa har inda yake. An ɗauki duk abin da na roƙi Allah a kai an zuba wa mutum a hannu, shi kuma yana tsaye a bayan ƙofa yana bari ya lalace. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba. Na daki ƙofar da tafin hannu na ɗaga murya da Hausa.

"Kai ɗan gwaggo! Mutuwa ka yi? An ba ka bindiga sabuwa a leda kana tsaye kana kallonta! Ka san tun yaushe nake goge wa mutane mota a gidan nan? Kana can kana cin ful ɗin gwamnati kyauta, ni ina nan ina cin ƙura! Ka fasa kan mutum an yanka maka rago, ni na riƙe hannuna an ba ni fifita!"

Larabawan warshar ba su ji me nake cewa ba, amma sun san mu da wasa, suka fara dariya. Usta da yake ji ya kwashe da dariya har jabana ta zube masa, ya ce da Hausa, "Taubasai, ba ku da kunya!" Ni kuwa ba dariya a bakina. Na ci gaba. Na gaya masa batun takalminsa da silifas ɗina. Na gaya masa ranar da aka buɗe akwatin na so ƙasa ta tsage. Na ce da na san abin da ke ciki da na bar gwaggo ta yi kukanta ta gaji. Na ce ban taɓa ƙin ganin mutum da safe kamar yadda nake ƙin ganinsa cikin shuɗiyar rigar nan ba.

Ina cikin haka na ji shiii.

Na tsaya in ja numfashi. Bindigar ta yi ɗan tafiya ta tsaya ita ma. Sai muryarsa ta fito ta cikin abin hanci, a toshe, "Ci gaba mana!"

A nan na gane abin da nake yi. Muryata ce ke riƙe da shi, ita ce ke gaya masa akwai mutum a waje, ƙofar za ta buɗu. In na kama bakina yanzu, da rabin mota a fese, ya gama yawo. Na sani sarai. Amma bakin ya riga ya ɓalle, maganar shekaru ce take fitowa, kuma karon farko ke nan da wani ya ce in ci gaba. Na zauna a kan bokiti na jingina kai da ƙofar na yi ta yi. Na wuce kansa na hau kan usta da alkawarinsa, a nan dariyar usta ta ɗan ragu ya shige ofis. Na hau kan munazzama, na hau kan hafilar safe, na hau kan ubana da ya kawo ni warsha maimakon ya bar ni a makaranta. Bindigar na tafiya tana dawowa, ya gama shafi na farko, ya jira ya sha iska, ina magana, ya yi na biyu. Har muryata ta dushe.

Da ya buga, na janye buhunan na zare sakata. Ya fito jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi daga kogi, ya wuce ni ya je tsakiyar fili ya tsaya yana kallon sama. Bayan fentin ya kama jiki aka leƙa. Usta ya zaga motar a hankali, ya durƙusa ya dube ta ta gefe, ya miƙe. Na ga fuskata a jikin ƙofarta, fara, da jajayen idanu. Babu ɗigo, babu ƙura, ba abin da zan nuna. Usta ya ce, "Mabruk, ɗakin naka ne." Sannan ya juyo ya ce in je wajen mai shayi in karɓo madara, don al'ada ce mai fenti in ya fito a ba shi madara ta wanke masa ƙirji.

Na je na karɓo. Na same shi zaune a kan tsohuwar taya a bayan ɗakin, inda ba kowa. Na miƙa masa kofin. Ya sha rabi ya riƙe sauran.

"Su sun ɗauka wasa ne," in ji shi. "Ni na san ba wasa kake ba."

Ban musa ba.

"Kuma gaskiyarka ce, ɗan kawu, duk abin da ka faɗa. Amma ba zan bar maka ba. In na bar nan ba ni da wajen zuwa." Ya dubi cikin kofin. "Kuma ba zan iya shiga can ba in waje shiru. Wallahi ba zan iya ba. Da ka yi shiru ɗazu, na ji kamar an mayar da ni."

Wata mota ta shigo warsha da gaba a lotse, masu gyaran jiki suka taso suna kewaya ta. Muka bi ta da kallo mu biyu. Mun san inda za ta biyo, ta hannuna, sannan ta nasa.

"Ran da za a shiga da waccan," ya ce, bai dube ni ba, "kana da abin faɗa?"

Na karɓi kofin daga hannunsa na shanye sauran madarar, duk da ba tawa ba ce.

"Kada ka damu," na ce masa. "Ko rabi ban kai ba."